Horar da Ɗaliban Likitanci da Gudanar da Bincike a Fagen Likitancin Gama-gari: Darussa Daga Tarihi da Matsayin Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da suka sa ake ganin wajibi ne ɗalibin likitanci ya sami wani ɓangare na horonsa a wurin likitan gama-gari, wato likitan da majiyyaci yake fara gani ko da wane irin ciwo ya zo. Ta bi diddigin yadda fagen ya sami gurbi a jami'o'i, ta kawo misalan binciken da likitocin ƙauye suka gudanar a Birtaniya da Afirka, sannan ta dubi halin da ake ciki a Nijeriya. Maƙalar ta nuna cewa babban makamin likitan gama-gari shi ne zance da majiyyaci, don haka a ƙasar Hausa ingancin horo da na bincike ya rataya ne a kan sanin yadda Bahaushe yake bayyana ciwo. Daga nan ta fito da rawar da sassan nazarin Hausa za su iya takawa.

Fitilun Kalmomi: likitancin gama-gari, likitan iyali, horo, bincike, harshen majiyyaci

1.0 Gabatarwa

Likitancin gama-gari, wanda a yau aka fi sani da likitancin iyali, fanni ne da ba ya zaɓen majiyyaci ta fuskar shekaru ko jinsi ko gaɓar da take ciwo. Likitan ido idanu yake dubawa, likitan ƙashi kuma ƙashi, amma likitan gama-gari yana iya ganin jariri mai gudawa da mai juna biyu da tsoho mai hawan jini a safiya guda. Abubuwa huɗu ne masana suka fi ambata a matsayin ginshiƙan fannin: shi ne zangon farko na mai neman magani, yana ɗorewa da mutum shekara da shekaru, yana duba lafiyarsa gaba ɗaya, kuma shi ke tsara tura shi wurin ƙwararru idan buƙata ta taso.

Duk da haka, akasarin shekaru 6 da ɗalibin likitanci yake yi a Nijeriya suna ƙarewa ne tsakanin ɗakin lacca da ɗakunan kwanciya na asibitin koyarwa. Bayan ya kammala ya yi shekarar sanin makamar aiki, sai hidimar ƙasa ta kai shi wani babban asibitin ƙaramar hukuma, inda zai tarar da layin mutane da ƙorafe-ƙorafen da ba su yi kama da abin da ya saba gani ba. Wannan giɓi shi ne abin da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Me Ya Sa Asibitin Koyarwa Kaɗai Bai Wadatar Ba

A shekarar 1961 Kerr White da abokan aikinsa suka wallafa wani nazari da ya yi tasiri ƙwarai. Sun yi amfani da alƙaluman Amurka da Birtaniya suka ƙiyasta cewa a cikin manya 1,000, a wata guda, kimanin 750 suna jin wata rashin lafiya, 250 suna ganin likita, 9 ake kwantarwa, 5 ake tura su wurin wani likitan, mutum 1 tak yake isa asibitin jami'a. Da aka maimaita irin wannan nazari a Amurka a shekarar 2001, sakamakon bai yi nisa da na farko ba. Ma'anar wannan ita ce, ɗalibin da bai taɓa fita daga asibitin jami'a ba yana koyon aikinsa ne a kan mutum guda cikin dubu, wanda ya riga ya bi ta hannun likitoci da dama kafin ya iso.

Illar wannan ba ta tsaya ga nau'in cututtukan da ɗalibi yake gani ba, har ta shafi yadda yake fassara sakamakon gwaji. A ɗauki misalin gwajin da yake gano mutum 90 cikin 100 masu wata cuta, kuma yake yin kuskure a kan mutum 10 cikin 100 na masu lafiya. A asibitin ƙwararru, inda rabin mutum 1,000 da aka turo suke da cutar, gwajin zai nuna ta a jikin masu ita 450 da marasa ita 50. Ke nan cikin kowane mutum 10 da gwajin ya nuna, 9 suna da ita da gaske. A asibitin sha-ka-tafi kuwa, inda mutum 10 kacal cikin 1,000 suke da ita, gwajin zai kama 9 daga cikinsu, ya kuma haɗa da mutum 99 lafiyayyu. Cikin mutum 108 da aka ce suna da cutar, 9 ne kawai suke da ita. Gwajin bai canza ba, jama'ar da aka yi wa ne suka bambanta. Likitan da bai fahimci haka ba zai riƙa ɗora wa talaka kuɗin magani da fargabar cutar da ba ya ɗauke da ita.

Akwai kuma batun lokaci. Ciwo a farkonsa ba ya zuwa da suna. Zazzaɓin kwana ɗaya yana iya zama na cizon sauro ko mura ko farkon sanƙarau. Sanin wanda za a ce ya je ya dawo jibi, da wanda ba za a bari ya kwana a gida ba, ilimi ne da sai a inda ake ganin ciwo tun yana ɗanye ake samunsa.

3.0 Yadda Fannin Ya Shiga Jami'a

Rahoton Abraham Flexner na 1910 ya ɗora karatun likitanci a Amurka bisa kimiyyar ɗakin gwaji da asibitin jami'a. Tsarin ya ɗaga darajar karatun, amma ya tura likitan unguwa gefe. A Birtaniya, bayan kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, likitocin gama-gari sun kafa kwalejinsu a 1952. A 1963 Jami'ar Edinburgh ta naɗa Richard Scott farfesan likitancin gama-gari, kuma shi ne na farko a duniya da ya hau irin wannan kujera. A 1972 aka kafa ƙungiyar likitocin iyali ta duniya. A 1993 majalisar da take kula da aikin likita a Birtaniya ta fitar da sabuwar manufa wadda ta nemi a ƙara yawan karatun da ɗalibai suke yi a cikin al'umma.

Wasu jami'o'in sun zarce haka. Tun 1971 Jami'ar Minnesota a Amurka take tura wasu ɗalibanta su yi watanni 9 tare da likitan karkara. A 1997 Jami'ar Flinders a Ostireliya ta soma barin ɗalibai su yi shekara guda cur a asibitocin ƙauye, suna koyon fannonin yara da mata da tiyata a hannun likitocin gama-gari. Hikimar wannan tsari ita ce ɗalibi ya bi majiyyaci guda tun daga ranar da ya fara zuwa, zuwa tura shi babban asibiti, har dawowarsa gida.

Afirka ma tana da nata tarihin. A 1940 Sidney Kark da matarsa Emily suka buɗe cibiyar lafiya a Pholela da ke Afirka ta Kudu, inda suka haɗa duba marasa lafiya da ƙidayar gidaje da bibiyar lafiyar jama'ar yankin. A 1963 Jami'ar Ibadan ta fara shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora don ɗalibanta su zauna cikin mutanen karkara. Jami'ar Ilorin da Jami'ar Gezira a Sudan sun yi suna tun ƙarshen shekarun 1970 wajen gina manhajarsu a kan zaman ɗalibai a cikin al'umma. Taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ayyana kiwon lafiya a matakin farko a matsayin hanyar samar da lafiya ga kowa, ya ƙara wa wannan tafiya ƙarfi.

A Nijeriya, an kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, kuma likitancin gama-gari yana cikin tsangayoyinta, kafin daga baya a sauya masa suna zuwa likitancin iyali. Asibitocin mishan, irin su na Baptist a Ogbomoso da na Evangel a Jos, suna cikin wuraren da aka fara wannan horo. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 wadda ta ɗauki matakin farko a matsayin ginshiƙi. A yau asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato suna da sassan likitancin iyali, waɗanda su ne suke karɓar masu yankar kati su ga likita su koma gida.

4.0 Abin da Ɗalibi Yake Koya a Wurin Likitan Gama-gari

Darasi na farko shi ne sauraro. Michael Balint, a littafinsa na 1957, ya nuna cewa likita da kansa magani ne, domin yadda yake tarbar mutum da yadda yake amsa masa suna tasiri a kan ciwon. Ɗalibi yana zama gefen malaminsa ya ga yadda ake buɗe zance, daga baya a ba shi ɗaki ya duba majiyyaci shi kaɗai, sannan ya gabatar wa malamin abin da ya fahimta kafin a rubuta magani. Wannan hawa-hawa daga kallo zuwa aiki ƙarƙashin sa ido shi ne ƙashin bayan horon.

Darasi na biyu shi ne aiki da abin da ake da shi. A inda babu na'urar ɗaukar hoton ciki, kuma majiyyaci daga aljihunsa yake biyan kowane gwaji, dole likita ya tambayi kansa ko sakamakon gwajin zai sauya abin da zai yi. Idan ba zai sauya ba, rubuta shi zalunci ne.

Darasi na uku shi ne lura da cututtukan da ba a warkewa sai dai a rayu da su, kamar hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da sikila. A ɗakin kwanciya ɗalibi yana ganin wanda shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kama. A wurin likitan gama-gari yake ganin shekarun da suka gabaci wannan rana: lokacin da mutumin ya daina shan magani don ya ji sauƙi, ko don kuɗi sun yanke, ko don an ce masa wani jiƙo yana kawar da ciwon baki ɗaya. A nan ne karin maganar da ke fifita rigakafi a kan magani take zama aiki a hannu.

Darasi na huɗu shi ne sanin gida da unguwa. Wanda yake yanke shawarar zuwa asibiti sau da yawa ba shi ne marar lafiyar ba, yana iya zama miji ko uwar miji ko yaya. Kafin a iso wurin likita kuma, galibi an bi ta kemis ko wanzami ko maɗori ko malami. Ɗalibin da ya koyi tambayar wannan ba tare da tsangwama ba, shi ake gaya wa gaskiyar abin da aka sha.

5.0 Bincike a Ɗakin Likitan Gama-gari

Akwai masu ganin bincike sai a ɗakin gwaji mai manyan na'urori. Tarihi bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Edward Jenner, wanda ya gwada rigakafin agana a 1796, likitan ƙauyen Berkeley ne a Ingila. James Mackenzie ya shafe shekaru masu yawa yana aikin gama-gari a garin Burnley, yana rubuta yadda zuciyar majiyyatansa take bugawa, har ya bambance rikicewar bugun da take da haɗari da wadda ba ta da shi. Ya iya yin haka ne domin yana ganin mutanen nan shekara bayan shekara.

William Pickles ya yi kimanin shekaru 50 yana aiki a ƙauyukan Wensleydale. Da yake ya san kowa da inda kowa ya je, sai ya riƙa rubuta ranar da kowace cuta mai yaɗuwa ta ɓulla a kowane ƙauye. Da wannan ya ƙiyasta tsawon lokacin da shawara mai yaɗuwa take ɗauka a jiki kafin ta bayyana, wato wajen wata guda, ya kuma tattara bincikensa a littafi a 1939. Julian Tudor Hart kuwa, wanda ya zauna a ƙauyen masu haƙar kwal na Glyncorrwg a yankin Wales daga 1961, ya auna hawan jinin kusan dukkan manyan ƙauyen, ya ci gaba da bibiyarsu. Shi ne a 1971 ya bayyana ƙa'idar da take cewa kulawar likita mai inganci ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta. Idan tambaya ta fi ƙarfin likita guda, sai a haɗa hannu: a 1968 kwalejin likitocin gama-gari ta Birtaniya ta haɗa likitoci kimanin 1,400 suka bibiyi mata kimanin 46,000 don gano tasirin ƙwayoyin tazarar haihuwa.

A Nijeriya, aikin David Morley a ƙauyen Imesi-Ile, tun ƙarshen shekarun 1950, shi ya haifar da asibitin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da katin awon nauyin yaro da uwa take riƙewa a gida, wanda ya bazu a ƙasashe da yawa. A ƙasar Hausa an yi shirin Garki kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, da shirin binciken cututtuka na Malumfashi a shekarun 1970. Abin da ya haɗa waɗannan ayyuka duka abu uku ne: sanannun jama'a da aka san adadinsu, rubutu mai tsari, da haƙurin bibiya.

Tambayoyin da suke jiran irin wannan bincike suna da yawa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwajin jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. To, me ke damun wanda gwajinsa ya nuna babu, kuma me likita yake rubuta masa? Mutum nawa cikin waɗanda aka gano suna da hawan jini suke dawowa bayan wata 6? Yaya masu ciwon suga suke sarrafa magani a watan azumi? Ɗalibi yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin aikin bincikensa, muddin akwai kati mai cikakken bayani da malami mai lokaci.

6.0 Harshe da Al'ada: Gurbin Masana Hausa

Da Ingilishi ake koyar da likitanci a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, amma da Hausa akasarin majiyyatan yankin suke kuka. Jin Hausar kasuwa ba ya wadatarwa, domin kalmomin ciwo ba su yi daidai da sunayen cututtuka na littafi ba. Wanda ya ce basir ke damunsa yana iya nufin tsiro ko zubar jini, yana iya nufin taurin bayan gida ko ciwon baya ko raunin mazakuta. Kalmar sanyi tana ɗaukar ciwon gaɓoɓi, tana ɗaukar cutar da ake samu ta saduwa, tana ɗaukar ƙaiƙayi da zubar ruwa ga mata. Shawara ma faɗinta ya wuce canzawar launin ido. Idan aka tambayi mutum yaushe ciwo ya fara, ya ce kwana biyu ke nan, yana iya nufin wata uku. Idan aka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, ladabi ne da tawakkali, ba rahoto ba ne. Kunya kuma tana hana mace ambaton ɗan fari ko faɗin watannin cikinta kai tsaye, kuma tana sa a bar ainihin abin da ya kawo mutum sai an miƙe za a fita.

Masana sun riga sun share fage. Murray Last, a maƙalarsa ta 1981 da ta ginu a kan zamansa a yankin Malumfashi, ya nuna cewa mutane suna zagayawa tsakanin hanyoyin magani daban-daban ba tare da damuwa da sanin tsarin kowanne ba. Lewis Wall ya wallafa littafi a 1988 kan yadda Bahaushe yake kallon ciwo da lafiya. Sassan Hausa na jami'o'i kuma sun tara kundaye masu yawa kan magungunan gargajiya. Abin da ya rage shi ne wannan ilimi ya tsallaka zuwa tsangayar likitanci a siffar darasi.

A fagen bincike lamarin ya fi tsanani. Sanarwar Helsinki ta 1964 da ƙa'idojin binciken lafiya na Nijeriya na 2007 sun wajabta samun yardar mutum bayan ya fahimci abin da za a yi. Amma kalmar gwaji a Hausa tana nufin awon jini don amfanin majiyyaci, tana kuma nufin jarraba sabon magani a kansa. Wanda aka ce za a yi wa ɗansa gwaji ya amince, wanne ya amince da shi? Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda taƙaddama a kan yardar iyaye ta kai shi kotu har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Amanar da ta karye a irin wannan yanayi tana daɗewa ba ta ɗoru ba. Haka nan takardar tambayoyi da aka fassara kalma da kalma tana iya auna abin da ba shi aka nufa ba, musamman a batun damuwa da ƙuncin rai, inda Bahaushe ya fi cewa gabansa na faɗuwa ko barci ya ƙaurace masa ko tunani ya yi masa yawa.

7.0 Ƙalubale da Shawarwari

Babbar matsala ita ce cunkoso. Likitan da layi yake jiransa har bakin ƙofa ba shi da sararin tsayawa ya yi wa ɗalibi bayani, ballantana ya cika takardar bincike. Ga ƙarancin ɗakuna, ga katunan da suke ɓacewa, ga ƙaurar likitoci zuwa ƙasashen waje. Akwai kuma kallon da wasu ɗalibai suke yi wa fannin a matsayin na wanda bai sami gurbi a wani wuri ba, kuma ɗalibi yana auna darajar darasi ne da nauyinsa a jarrabawa.

Saboda haka maƙalar tana ba da shawarar a ware wa likitancin iyali makonni masu tsawo a manhaja, a kuma sa shi cikin jarrabawar ƙarshe. A rage wa likitocin da suke koyarwa yawan majiyyata a ranakun koyarwa. A haɗa asibitocin ƙananan hukumomi da dama su riƙa rubuta bayanai iri ɗaya, don a sami adadin da zai amsa tambaya. A ɓangaren harshe, sassan Hausa su haɗa kai da na likitancin iyali wajen naɗar hirarrakin likita da majiyyaci bisa yardarsu, da tattara kalmomin ciwo tare da bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, da tsara takardun neman yarda da Hausa mai sauƙi a boko da ajami, da kuma koyar da ɗaliban da ba Hausawa ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa asibitin koyarwa yana ganin ƙaramin kaso ne na masu ciwo, kuma ilimin da aka gina a kansa kaɗai yana iya ɓatar da likita idan ya fita cikin jama'a. Ta nuna cewa daga Jenner zuwa Morley, likitocin da suka zauna da mutanensu suka riƙe alƙalami sun samar da ilimin da duniya ta amfana da shi. Ta kuma nuna cewa a ƙasar Hausa horo da bincike duka suna bi ta bakin majiyyaci ne, wanda yake magana da kalmomin da ma'anarsu ta fi ta ƙamus faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma likitan da zai taimaka masa sai ya fahimci yadda yake kwatanta wurin. Samar da wannan fahimta aiki ne da ya hau kan malaman likitanci da malaman Hausa tare.